Shin Ɗan Shekara 50 Dattijo Ne a Kan Ƙanƙara? Muhawara kan Gasar Kalin ta Duniya ta Manya

Malam Habibu, Saskatoon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan wata gasa da ba kasafai ake jin labarinta ba, wato gasar duniya ta wasan kalin (curling, wasan tura dutse a kan ƙanƙara) da ake shirya wa waɗanda suka kai shekara 50 zuwa sama. Hukumar kalin ta duniya, wadda hedikwatarta ke birnin Perth na Sikotland, ita ke shirya ta, kuma an fara ta ne a 2002 a garin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Ana yin ta kowace shekara, maza daban mata daban, in ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana. Bayan annobar an yi ta a Jeniba a 2022, sai Gangneung ta Koriya ta Kudu a 2023, sai Östersund ta Suwidin a 2024, sannan Fredericton ta Kanada a 2025.

Ra'ayina shi ne gasar ta cancanci girmamawa fiye da wadda ake ba ta, amma iyakar shekara 50 ta yi ƙasa. A wannan wasa ɗan shekara 50 yana nan da ƙarfinsa, don haka gasar da aka yi domin dattawa ta koma hannun waɗanda jiya-jiya suka bar babbar gasa, wato wadda ba ta dattawa kaɗai ba, yayin da 'yan shekara 65 da 70 ba su da wani dandali na duniya da za su kara da tsararrakinsu. Ina son jin yadda kuke gani.

Hajiya Asabe:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, kafin mu shiga batun shekaru, ka daure ka bayyana mana yadda ake yin wasan, domin yawancinmu a talabijin kawai muke ganin mutane suna goge ƙanƙara a gaban wani dutse mai mariƙi, ba tare da mun gane abin da suke nema ba.

Malam Habibu, Saskatoon:
To madalla, Hajiya. Filin wasan shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara ce mai tsawon kusan mita 45 da faɗin da bai wuce mita 5 ba, kuma a kowane ƙarshensa an zana da'irori huɗu, wata cikin wata, waɗanda 'yan wasa ke kira gida. Kowace ƙungiya mutum huɗu ce, kowa yana tura dutse biyu, ke nan duwatsu 16 ake turawa a kowane zango, ana karɓa-karɓa tsakanin ƙungiyoyin biyu. Idan duwatsun suka ƙare, ƙungiyar da dutsenta ya fi kusa da tsakiyar gida ita ce ke samun maki, kuma tana samun maki ɗaya a kan kowane dutsenta da ya fi dutsen abokan karawa mafi kyau kusanci da tsakiya. Nauyin dutsen bai kai kilo 20 cif ba, amma ya haura 17.

Kafin a fara wasa ana yayyafa ruwa a kan ƙanƙarar, ɗigon ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, kuma a kansu dutsen ke tafiya. Mai turi yana ɗan murɗa mariƙin lokacin da zai saki, shi ya sa dutsen ke lanƙwasa a hanya maimakon ya miƙe. Masu gogewa biyu da ke gabansa suna rage gurzuwar da ke tsakanin dutsen da ƙanƙara, sai ya ƙara nisa da mita biyu ko uku, kuma lanƙwasarsa ta ragu. Jagoran ƙungiya yana tsaye a gida, shi ke nuna inda za a auna, shi ke ɗaga murya a goge ko a dakata. A babbar gasar duniya ana yin zango 10, a ta manya kuwa zango 8 ake yi, abin da ke ɗaukar kimanin awa biyu.

Alhaji Garba:
Na gode da bayanin, amma shi ne ma ya ƙara mini shakku. Idan wasan na auna nisa ne da lissafi, ba na gudu ko tsalle ba, mene ne dalilin ware masu shekaru tun farko? A ƙwallon ƙafa kowa ya san ɗan shekara 50 ba zai bi yaro ɗan 22 a guje ba, saboda haka rarrabewa tana da ma'ana. Amma a wasan da ake tsayawa a yi shawara kafin a tura dutse, ni ina ganin gasar manya hanya ce kawai ta ba tsofaffin 'yan wasa damar yawon buɗe ido da sunan ƙasashensu. Wanda yake da gwaninta ya shiga babbar gasa, wanda ba shi da ita ya yi wasansa a kulob ɗin garinsu.

Dakta Zainab:
Alhaji, da girmamawa, ban yarda da wannan ba, kuma zan yi magana ne a matsayina na mai aikin gashin ƙashi da gaɓoɓi. Abin da ido ke gani a talabijin yana ɓoye wahalar da jiki ke sha. Mai turi yana durƙusawa ne a kan ƙafa ɗaya wadda tafin takalminta ke da santsi, gwiwar a lanƙwashe ƙwarai, ɗaya ƙafar a miƙe a baya, sannan ya zame a haka na mitoci da dama yana riƙe da daidaiton jikinsa. Wannan tsayuwa tana ɗora nauyi mai yawa a kan gwiwa da ƙugu da ƙasan baya, waɗanda su ne gaɓoɓin da suka fi saurin lalacewa idan shekaru suka ja. Gogewa kuma ba shara ba ce irin ta tsakar gida. Mutum yana jingina nauyin jikinsa ne a kan buroshin yana kai-komo da sauri, yana kuma tafiya a kan ƙanƙara a lokaci guda, har bugun zuciyarsa ya hau sosai, sannan ya huta kaɗan ya sake. 'Yan wasa biyun farko na kowace ƙungiya suna goge duwatsu shida-shida a kowane zango, wato 48 a wasa mai zango 8, kuma gasar tana ɗaukar kusan mako guda.

Akwai kuma batun faɗuwa. Faɗuwar saurayi a kan ƙanƙara daban take da ta wanda ƙashinsa ya fara rauni, shi ya sa ake ƙarfafa wa masu shekaru gwiwar sanya abin kare kai. Saboda haka rarrabewar tana da tushe a jiki, ba shagwaɓa ba ce.

Nura, Glasgow:
Ina goyon bayan Dakta a kan batun jiki, amma akwai misalin da ke ƙarfafa maganar Malam Habibu. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Turin ta Italiya a 2006, Russ Howard yana cikin ƙungiyar Kanada ta Brad Gushue da ta doke Finland a wasan ƙarshe ta ɗauki zinare, kuma ya cika shekara 50 ne ana tsakiyar gasar. Abin lura shi ne yadda ƙungiyar ta yi amfani da shi: shi ke tsayawa a gida yana jagoranci, amma duwatsun ƙarshe Gushue ne ke turawa. Wato sun ɗauki basirar babba suka haɗa da hannun matashi. Wannan yana nuna cewa a shekara 50 gwani yana iya zama a ƙololuwar wasan, muddin ba shi ne zai riƙa gogewa daga farko har ƙarshe ba. Matsalar ƙungiyar manya ita ce dukkan mutum huɗun sun haura 50, don haka babu matashin da zai ɗauke musu aikin ƙarfi.

Malam Habibu, Saskatoon:
Nura, ka kawo hujjar da ta fi tawa. Bari in ƙara da misali daga nan lardin Saskatchewan na Kanada. Sherry Anderson ta ci gasar duniya ta manya a 2018 da 2019, amma a 2021 ita ce ta jagoranci ƙungiyar lardin a babbar gasar mata ta ƙasar Kanada, inda ta kara da 'yan wasan da wasunsu ta haife su. Colleen Jones kuma, wadda ta zama zakarar duniya a 2001 da 2004, ta ci gasar manya a Lethbridge ta Kanada a 2017. Ba na rage musu komai, sun cancanci abin da suka samu. Tambayata ita ce, matar da ta kai shekara 68 daga wata ƙasa mai kulob biyu ko uku, ta yaya za ta kara da irin waɗannan? A nan Kanada sun daɗe da gane haka. Gasar manya ta maza ta ƙasa ta faro tun 1965, amma suna da wata gasa daban ta 'yan shekara 60 zuwa sama. Abin da nake nema shi ne hukumar duniya ta yi koyi da wannan tsari.

Alhaji Garba:
Dakta, na karɓi bayaninki game da gwiwa da ƙugu, ya gamsar da ni cewa akwai wahala. Sai dai maganar Malam Habibu ta dawo da ni kan abin da na faɗa ta wata fuskar. Idan tsofaffin zakarun duniya ne ke lashe gasar, kuma yawancinsu daga Kanada, to sauran ƙasashen rakiya suka yi. Wace irin gasar duniya ce wadda tun kafin a fara an san inda kofin zai dosa?

Nura, Glasgow:
Alhaji, gaskiya ne Kanada ta fi kowace ƙasa cin wannan gasa, maza da mata, kuma dalilin a bayyane yake: ita ce ta fi kowa yawan 'yan wasa da filaye, kuma duk ƙungiyar da za ta wakilce ta sai ta fara fitowa daga lardinta, sannan ta doke zakarun sauran larduna. Wanda ya tsallake wannan siraɗi ya riga ya sha gwaji mai tsanani. Amma ba kullum take ci ba. Ƙungiyar maza ta Suwidin ƙarƙashin Mats Wranå ta ci a 2016 da 2017, wato har da shekarar da aka yi gasar a cikin Kanada. A ɓangaren mata, Jackie Lockhart ta nan Sikotland ta ci a Karlstad ta Suwidin a 2016, kuma ita ce ta zama zakarar babbar gasar duniya a Bismarck a 2002, shekarar da aka fara gasar manyan a garin.

A nan Sikotland ana kallon wasan a matsayin gado. Akwai dutsen wasa da aka tono a yankin Stirling mai ɗauke da shekarar 1511, kulob ɗin da ya tsara dokokin wasan an kafa shi a 1838, kuma 'yan Sikotland ne suka kai shi Kanada, inda aka buɗe kulob na Montreal a 1807. Har yau duwatsun da ake amfani da su a Olamfik ana sassaƙa su ne daga dutsen tsibirin Ailsa Craig da ke gaɓar yammacin ƙasar, saboda ruwa ba ya ratsa shi, kuma yana jure karo. A ƙasar da ke da irin wannan tarihi, dattijon da ya je gasar manya ba yawo ya je ba. Akwai mutanen kulob ɗinsa da ke bin sakamakon kowane wasa.

Hajiya Asabe:
Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne mata suna da gasarsu daidai da ta maza tun daga shekarar farko. A wasanni da yawa mace na barin fili da zarar ta yi aure ko ta haihu, kuma ba ta komawa. A nan ga matan da suka yi jikoki suna sanye da rigar ƙasarsu. Ko da ba su ci kofi ba, wannan kaɗai ya isa dalilin ci gaba da gasar. Amma Malam Habibu, idan aka raba gasar gida biyu kamar yadda kake so, ba ka jin ƙungiyoyin mata za su yi ƙaranci?

Malam Habibu, Saskatoon:
Hajiya, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan shawarata, kuma ba zan kauce mata ba. Ƙungiyoyin mata a gasar ba su kai na maza yawa ba, kuma a ƙasashe da dama da ƙyar ake haɗa mata huɗu da suka haura 50 waɗanda ke da lokaci da kuɗin tafiya. Idan aka ce a fitar da ƙungiya ta biyu ta 'yan 60, wasu ƙasashen za su rasa ɗaya, ko ma su rasa duka biyun. Duk da haka ina ganin akwai mafita. Tun da an shigar da wasan mutum biyu, mace da namiji, cikin Olamfik a 2018, kuma ana yawan haɗa gasarsa ta duniya da ta manya a gari ɗaya a mako ɗaya, me zai hana rukunin 'yan 60 ya zama na mutum biyu? Samun mutum biyu ya fi samun huɗu sauƙi, wasan ya fi gajarta, duwatsun da ake turawa ba su kai na wancan yawa ba, kuma kuɗin tafiya ya ragu da rabi.

Dakta Zainab:
Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Wasan mutum biyu ya fi sauƙin shiryawa, amma bai fi sauƙi ga jiki ba, domin sau da yawa wanda ya tura dutsen shi ne zai miƙe da sauri ya bi shi yana gogewa. Ga ɗan shekara 65 wannan tashi na gaggawa daga durƙuso a kan ƙanƙara shi ne lokacin da ya fi haɗari. Ni abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne batun sandar turi. Wata sanda ce da ake maƙala wa mariƙin dutsen, mutum ya tura shi yana tsaye ba tare da ya durƙusa ba. Da ita masu keken guragu ke wasa, kuma wasansu yana cikin gasar Olamfik ta nakasassu tun 2006. A kulob-kulob dubban dattawa sun ci gaba da wasa saboda ita bayan gwiwa ta gaza. Amma dokar hukumar duniya ba ta yarda a yi amfani da ita a gasanninta ba, in ban da na masu keken. Ke nan mutumin da aka yi wa aikin gwiwa, wanda idonsa da lissafinsa suna nan daram, an rufe masa ƙofa. Idan da gaske ana son gasar ta zama ta manya, daga nan ya kamata a fara gyara.

Nura, Glasgow:
Dakta, na fahimci tausayin da ke cikin maganarki, amma 'yan wasa da yawa a nan ba za su amince ba, kuma ina ganin suna da hujja. Zamewar nan da sakin dutse a daidai lokacin da ya dace su ne rabin gwanintar wasan, kuma mutum yana shafe shekaru kafin ya iya. Idan ƙungiya ɗaya tana durƙusawa ɗaya kuma tana tsaye da sanda, ba abu ɗaya suke yi ba, ko da dutsen ya tsaya a wuri ɗaya. Hukumar tana da tsanani a kan kayan wasa saboda abin da ya faru a 2015, lokacin da wasu sababbin buroshi suka riƙa ba masu gogewa damar sarrafa dutse fiye da kima, har sai da aka ƙayyade irin yadin da za a riƙa sanyawa a 2016. Tun daga nan duk wani kayan aiki da zai rage muhimmancin hannun mai turi ana kallonsa da taka-tsantsan. Idan za a yarda da sandar, to a yi mata rukuninta daban.

Dakta Zainab:
Rukuni daban bai dame ni ba, Nura, muddin dai akwai shi a matakin duniya. Abin da ba na so shi ne a bar mutanen nan ba tare da komai ba.

Alhaji Garba:
Ina biye da ku, kuma na lura duk kun koma kan yadda za a faɗaɗa gasar, ba kan ko ta cancanci wanzuwa ba. Zan sassauta matsayina zuwa wani mataki. Abin da ya sauya mini tunani shi ne na tuna yadda dattawa ke zama a gindin bishiya suna dara: ƙarfi ba ya cikin lissafin, amma babu wanda zai ce ba gasa suke yi da gaske ba, kuma yaro ba ya zama a gabansu sai ya shirya. Sai dai ina nan a kan batun kuɗi. Wanda zai bar aikinsa ko ya taɓa kuɗin fanshonsa ya tafi Koriya ko Suwidin na mako guda ba talaka ba ne. Ina ƙasashenmu na Afirka a cikin wannan lissafi?

Malam Habibu, Saskatoon:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya. Najeriya ta shiga hukumar kalin ta duniya a 2018, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi haka, Kenya kuma ta biyo baya a 2021. A 2019 'yan Najeriya sun buga gasar duniya ta mutum biyu a Stavanger ta Norway, a mako ɗaya da gasar manya. Babban cikas shi ne ƙanƙara, domin filin kalin yana buƙatar injin sanyaya da ba ya tsayawa da kuma gwanin da ya iya yayyafi da daidaita shimfiɗa, shi ya sa ake koya wa yara wasan a kan daɓe da duwatsu masu ƙananan tayoyi. Amma a nan ne gasar manya ke da wata daraja da babbar gasa ba ta da ita. Babbar gasar duniya tana da gurabe ƙayyadaddu, sai ƙasa ta bi matakan share fage kafin ta samu shiga. Gasar manya kuwa a buɗe take ga ƙasashen da ke cikin hukumar, saboda haka ƙasa ƙarama tana iya samun kanta a fili ɗaya da tsofaffin zakarun duniya. Ga mutanenmu da suka daɗe a Kanada ko Amurka ko Birtaniya, waɗanda suka koyi wasan a kulob bayan sun manyanta, wannan ƙofa ce ta gaske.

Hajiya Asabe:
To amma idan irin wannan ƙungiya ta haɗu da Kanada aka yi mata cin kaca, ba abin kunya ba ne?

Nura, Glasgow:
Hajiya, tsarin wasan ya tanadi wannan. Idan tazarar maki ta yi yawa, ƙungiyar da ke baya tana da damar miƙa hannu a gaisa a tashi bayan an kai adadin zangon da doka ta tanada, kuma ba a ɗaukar haka a matsayin gazawa, ladabi ne da aka saba da shi. Akwai ma abin da ya fi haka: idan buroshin ɗan wasa ko ƙafarsa ta taɓa dutse yana tafiya, shi da kansa ake sa ran zai faɗa, ko da alƙali bai gani ba. Ana gaisawa kafin wasa da bayansa, kuma al'ada ce ƙungiyoyin biyu su zauna tebur ɗaya bayan an tashi. A irin wannan zama ne jagoran da ya shekara 30 yana wasa zai bayyana wa baƙo dalilin da ya sa ya ajiye dutse a gaban gida a zango na uku maimakon ya kore na abokin karawa. Ƙungiyar da ta sha kashi tana komawa gida da ilmin da ba za ta samu a kulob ɗinta ba.

Malam Habibu, Saskatoon:
Wannan gaskiya ne, Nura, kuma shi ya sa ba na son a taɓa buɗaɗɗen tsarin shiga ko kaɗan. Bayan sauraron Dakta, na janye batun mutum biyu ga 'yan 60, domin hujjarta game da tashi daga durƙuso ta fi tawa ta sauƙin shiri nauyi. Inda na tsaya yanzu shi ne a bar gasar 'yan 50 yadda take, da zango 8 da dokokinta, sannan a ƙara rukunin 'yan 60 zuwa sama na mutum huɗu, a yarda maza da mata su haɗu a ƙungiya ɗaya domin amsa damuwar Hajiya Asabe game da ƙarancin mata, kuma a cikin wannan rukuni kaɗai a halatta sandar turi. Hukumar ta fara gasar gamayyar maza biyu da mata biyu a 2015, don haka tsarin ba baƙo ba ne gare ta.

Dakta Zainab:
Na amince da wannan, Malam, da ƙari ɗaya: a rukunin 'yan 60 a wajabta abin kare kai, kuma kada a sa ƙungiya ta buga fiye da wasa ɗaya a rana, domin gwiwa da kafaɗa a wannan shekaru suna buƙatar cikakken dare kafin su sake ɗaukar nauyi.